IDON TALAKA DA BAKIN TALAKA

(Wannan ita ce laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan reshen kasuwa ran Lahadi da la'asar. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 Mun sani da yawa cikinku sun rufe rumfa tun lokaci bai yi ba don su zo nan, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Abin da aka ce mu yi magana a kai yau shi ne jarida da rediyo, da waƙa da wasan kwaikwayo, da amfaninsu cikin mulkin dimokuraɗiyya. Watakila wani ya ce a ransa, ina ruwan mai sai da tumatir da wasan kwaikwayo? To, a yi mana haƙuri a saurara, gama maganar ta shafi kuɗin rumfarsa.

Ku 'yan kasuwa ne. In ɗayanku ya ɗauki yaron shago, ya damƙa masa jari da mabuɗi, zai tafi ya kwanta shekara huɗu bai tambayi lissafi ba? Ko kusa. Kullum da magariba sai ya duba abin da aka sayar da abin da ya rage. To, wanda muka zaɓa yaron shagonmu ne, baitulmali kuwa jarinmu ne. Shekara huɗu kwana 1,461 ne. Cikinsu kwana ɗaya tak mu ke jefa masa ƙuri'a. Sauran kwana 1,460 fa, da me za mu duba lissafi? Sai da abu biyu: ido wanda zai gano mana abin da a ke yi da dukiyarmu, da baki wanda za mu faɗi abin da ya dame mu. Jarida da rediyo su ne idon. Waƙa da wasa da taro irin wannan su ne bakin. Ƙasar da ke zaɓe amma ba ta da waɗannan biyu, sunan dimokuraɗiyya kawai ta ke da shi.

YADDA AKA FARO

Cikin watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. Masu karatun boko a lokacin kaɗan ne ƙwarai, amma mutum ɗaya ya kan saya, ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Abin da ya fi muhimmanci cikinta shi ne filin wasiƙu, inda malamin makaranta ko akawu zai rubuto kukansa, a buga, mutumin Sakkwato da na Yola su karanta su ce, ashe ba mu kaɗai ba ne. Wannan kalma, "ashe ba mu kaɗai ba ne", ita ce mafarin kowace siyasa ta talaka.

Amma Gaskiya jaridar Gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Sa'ad da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sai 'yan hamayya suka dogara ga jaridar Comet da a ke bugawa a Kano, da kuma waƙa. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu 1958, da Mudi Sipikin, da Gambo Hawaja, sun zuba siyasa cikin baiti. Ita ma jam'iyyar NPC tana da nata mawaƙan, ana yi ana mayar da martani. Me ya sa waƙa? Domin a zamanin nan ba a lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa ba kullum a ke ba ɗan hamayya ba. Dogari yana iya ƙwace takarda, yana iya watsa taro, amma ba shi da hanyar da zai cire baiti daga kan mai dakan hatsi ko ɗan dako. Waƙa ba ta bukatar karatu, ba ta bukatar kwabo.

Kada kuma iyayenmu mata su ce ba su cikin wannan tarihi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa saboda ta tsaya gaban jama'a ta yi magana, a zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai 1979 suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Watau baki ne ya riga ƙuri'a zuwa, shi ne ma ya jawo ta.

WASA BA WASA BA NE

Wasan kwaikwayo ba Turawa suka kawo mana ba. In azumi ya kwana goma yara da samari su kan fita tashe, wannan ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya kwaikwayi mai rowa ko miji mai faɗa. Mutumin da a ke kwaikwayo yana tsaye yana dariya, har ya ba da sadaka, amma ya ji a jikinsa. A ƙauyuka, bayan kaka, samari su kan yi kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali, su yi shari'a jama'a suna kallo. 'Yan kama su kan kwaikwayi malamai. A cikin fada ma akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Kakanninmu sun gane cewa akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa ido da ido, sai an lulluɓe ta da raha.

Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya ke rubuta wasanni. Ɗaya daga cikinsu a kan yadda a ke cutar baƙauye a kasuwar Kano ne. Ku lura, 'yan'uwa, mu 'yan kasuwa aka taɓa a nan, ba sarki ba. Wasa na gaskiya ba ya zaɓen wanda zai taɓa.

MAI KALLO YA SHIGA FAGE

Wasa iri biyu ne. Akwai wanda 'yan wasa ke yi, jama'a su kalla, su tafa, su watse. Akwai kuma wanda jama'a da kansu ke shiryawa, mai kallo ya shiga fage ya gyara labarin. Wannan na biyu shi ne ainihin maganarmu.

A ƙasar Barazil an yi wani mutum, Augusto Boal, mai shirya wasanni. Mulkin soja ya kama shi cikin 1971, aka azabtar da shi, ya bar ƙasar. Cikin 1973 yana aiki a ƙasar Peru, hanyarsa ita ce 'yan wasa su nuna wata matsala, su tsaya, su tambayi masu kallo abin da ya kamata a yi, sa'an nan su kwaikwayi shawarar. Ran nan wata mata ta ba da shawara, aka kwaikwaya, ta ce ba haka ta ke nufi ba. Aka sake, ta ce har yanzu ba a yi daidai ba. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ce ta hau ta nuna da kanta. Ta hau ta yi. Daga nan ya gane cewa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Bayan ya koma gida aka zaɓe shi kansila a birnin Riyo, ya yi daga 1993 zuwa 1996. Ya riƙa kai wasa unguwannin talakawa, abin da jama'a suka nuna a fage a mai da shi takardar doka a kai majalisa. Dokoki 13 suka fito ta wannan hanya.

A Kenya, a wani ƙauye mai suna Kamiriithu, manoma da ma'aikata suka gina filin wasa da hannunsu. Cikin 1977 suka yi wani wasa da harshensu na Kikuyu a kan ƙasar noma da ƙarancin lada, tare da marubucin nan Ngugi wa Thiong'o. Mutanen ƙauyen ne 'yan wasan, su ne kuma suka yi ta gyara maganganun da aka rubuta, suna cewa talaka ba haka ya ke magana ba. Gwamnati ta janye izinin wasan, ta tsare Ngugi a ƙarshen wannan shekara, ya yi shekara guda a kurkuku ba shari'a. Cikin 1982 aka rushe filin. Ga abin tunani: littattafan da ya rubuta da Turanci suna sukan masu mulki ba su sa an ɗaure shi ba. Sai da manomi ya hau fage ya yi magana da harshen uwarsa tukuna hankalin manya ya tashi.

Mu ma a nan gida, tun wajen 1975 malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka fara fita daga aji, suna shiga Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska, su zauna da mutane su ji damuwarsu, sa'an nan a shirya wasa a kai a dandalin gari.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Da daminar bara, a wata kasuwa da ba za mu faɗi sunanta ba, masu karɓar haraji suna karɓan kuɗin rumfa da kuɗin shara ba rasit, ga lambatu ya toshe, ruwa yana shiga har cikin buhunan gero. Mu da muka yi makarantar mishan muka iya Turanci, muka zauna muka rubuta takardar kuka mai kyau, har sau biyu. Ko amsa ba mu samu ba.

Sai samarin reshe suka ce a yi wasa ran kasuwa da yamma. Ɗaya ya zama mai karɓar haraji da ƙatuwar jaka, ɗaya ya ɗaura zane ya zama mai ƙosai. Mu muka tsara ƙarshen labarin: mai ƙosai ta ƙi biya sai an ba ta rasit, mai jaka ya ji kunya ya tafi. Ana cikin yi sai wata tsohuwa mai daddawa ta ɗaga murya ta ce, "Ɗan nan, ba haka a ke yi ba. Wadda ta ƙi biya ita kaɗai, da ƙafa za a kifar mata da kasko." Muka ce, "To Iya, shigo ki nuna mana." Ta ajiye faifanta ta shiga. Ta kira mata huɗu daga cikin masu kallo ta jera su, ta ce duk layi a tambayi rasit baki ɗaya, a kuma sa yarinya ɗaya 'yar makaranta ta riƙa rubuta ranar da abin da kowa ya biya. Yaron da ke kwaikwayon mai jaka kuwa ya yi wayo, ya ja ɗaya gefe ya raɗa mata cewa ita an yafe mata na wata guda. Nan take layi ya karye, kasuwa ta ɗauki dariya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, gama kowa ya ga inda za a ɓullo musu. Aka tsaya aka yi ta shawara har magariba.

Ba za mu yi muku ƙarya ba. Lambatun nan har yau bai sami gyara ba, kuma ɗaya daga cikin samarin ya kwana a tsare. Amma yanzu a wannan layi ba a karɓan kuɗin rumfa sai da rasit, littafin yarinyar nan kuwa shi muka kai wa wani gidan rediyo aka karanta. Mu kuma masu alƙalami mun koyi darasi: iliminmu ya san yadda a ke rubuta kuka, amma Iya mai daddawa ita ta san inda ƙafar mai jaka ke sauka.

ME YA SA A KE TSORONSU?

In da jarida da wasa ba su da ƙarfi, da ba wanda zai ɓata lokacinsa yana hana su. Cikin 1984 mulkin soja ya kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bom cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa a Ikko. Har zuwa 1992 ba mai ikon kafa gidan rediyo a Nijeriya sai Gwamnati. Dokar wannan shekara ce ta buɗe ƙofa, har aka sami irin su Freedom Radio a Kano cikin 2003, talaka ya sami inda zai buga waya ya yi magana duk gari su ji. Ko a mulkin farar hula, an rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

To, amma ku san hakkinku. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓan labari da ba da shi. Sashe na 22 ya ce jarida da rediyo da talabijin su tsaya a kan ganin Gwamnati tana ba jama'a lissafi. Cikin 2011 kuma aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda ta ce in ka rubuta wa ma'aikatar Gwamnati kana neman bayani, ta amsa maka cikin kwana 7. Ba 'yan jarida kaɗai aka yi wa dokar ba. Mai sai da albasa ma yana da ikon ya tambaya. Amma doka kamar fartanya ce, in an jingine ta ba a noma da ita sai tsatsa ta cinye ta.

WUTAR DA KE DAFA TUWO

Kada mu tashi daga nan muna zaton duk abin da ya fito daga rediyo ko bakin mawaƙi alheri ne. Wutar da ke dafa tuwo ita ke cin rumfa. A Ruwanda cikin 1994, wani gidan rediyo, RTLM, ya yi ta zuga mutane a kan maƙwabtansu, yana haɗawa da kiɗa da barkwanci. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen 800,000. Daga baya kotun duniya ta hukunta shugabannin gidan rediyon cikin 2003.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Kun tuna da Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta bugo waya da tsakar dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Wa ya tsaya ya tambayi inda maganar ta fito? Mutane suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Ga kuma sojojin baka, waɗanda a ke saya wa fili a rediyo su zagi wanda aka nuna musu, gobe in wani ya ƙara kuɗi su juya. Ga mawaƙin da ke wasa mai kujera yau, ya wasa wanda ya kayar da shi jibi. Ku gwada su da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba shi da abin ba shi.

Ma'aunin da za ku riƙe guda uku ne. Wa ya biya kuɗin wannan magana? Wa ya gani da idonsa? In na gaskata ta, wa zan tsana, kuma wa zai ci riba? Ku auna kowa da wannan mudu, har da jaridar nan tamu. In mun buga abin da ba haka ba ne, ku rubuto, wajibi ne mu buga gyaran a inda kowa zai gani. Kuma muna faɗa a gabanku don ku riƙe mu da shi: ran da jam'iyyarmu ta hau kujera, in samari suka kwaikwayi shugabanninmu a kasuwa, wanda ya sa aka kama su ya ci amanar abin da muka taru a kai yau. Ɗan hamayya kowa yana son 'yancin magana. Sai an hau a ke gane mai sonta da gaske.

ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, kowane layi na kasuwa ya sami mutum ɗaya mai karanta jarida da ƙarfi sau ɗaya a mako, yadda iyayenmu suka yi. In an gama karatu a bar jama'a su yi gardama.

Na biyu, kowane layi ya ajiye littafi. Duk kuɗin da aka karɓa a rubuta rana, da adadi, da ko an ba da rasit. Kuka ba lissafi hayaniya ce, amma edita da alƙali ba su iya kau da kai daga littafi.

Na uku, kowane reshe ya shirya wasa ɗaya kafin ƙarshen wata, a kan abin da ya dami mutanen wurin. Ba a bukatar dandamali ko tufafi na musamman. Kada a kama sunan kowa, kada a taɓa addini ko ƙabilar kowa, hali za a nuna. In an kai inda aka cuci talaka sai a tsaya, a tambayi jama'a, wa zai shigo ya nuna mana mafita? A sanar da hukuma tun da wuri, kada a ba kowa hujjar watsa taro.

Na huɗu, a ba mata fage. Su ne suka fi yawa a layin abinci, su ne kuma a ke fara kifar wa kaya.

Na biyar, saƙon da ya shigo wayarka ba ka san asalinsa ba, ya mutu a hannunka.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Mu a ofis muna da alƙalami da takarda, ku kuna da labarin. Ƙofarmu a buɗe ta ke kowace rana ban da Lahadi, wanda bai iya rubutu ba ya zo ya faɗa da baki, mu rubuta, mu karanta masa ya ji ko haka ya ce.

Malam Shugaba, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba mu sa'a, ya kai kowa gida lafiya.